Fentin da ya ƙi zama a jikin injina

Bara na yi wauta. Na sayo gwangwanin fenti biyu a Garwa, na dawo Lagdo, garinmu na bakin tafki a arewacin Kamaru, na goge injin jirgina da tsumma sama-sama, na fesa. Yamaha Enduro ne mai doki 40, ranar har mutanen bakin ruwa suna tambayata ko sabo na yi. Kafin wata ya zagayo fentin ya fara tashi kamar ɓawon albasa, musamman ƙasa wajen farfela. Kawuna, wanda yake su a nan tun bayan gama madatsar ruwan Lagdo a 1982, ya shafa yatsa a wurin, ya nuna mini baƙin da ya kwaso, ya ce, "Ɗana, ai maiƙo ka yi wa fenti."

Da gaskiyarsa. Irin wannan inji fetur da mai yake sha a gauraye, abin da bai ƙone ba ya bi hayaƙi ya manne a ƙafar injin. Ga giris, ga yaukin kifi, ga ƙura. Duk a kansu na fesa.

Bana sai na sauke injin, na rataye a reshen dalbejiya can bayan gida, nesa da ruwa, don ba na son baƙin mai ya gangara inda muke kama karfasa. Na ɗaure kafireto da leda, na ciro farfela. Zaren koma da na samu a nannaɗe a bayanta ya kai cikin tafin hannu, kuma shi ne mai cinye robar da ke hana ruwa shiga giya.

Kananzir da tsohon buroshin haƙori suka fara aiki, lungu-lungu, gindin kowane noti. Wuni guda cur. Sai dai kananzir shi ma yana barin nasa maiƙon, shi ya sa na bi da ruwan ɗumi da Omo har sau uku. Wani yaro ya kawo shawarar soda irin ta masu haɗa sabulu, Kawu ya daka masa tsawa. Jikin injin alminiyom ne, soda cinye shi take yi. Buroshin waya ma ya hana ni, ya ce ɓurɓushin ƙarfensa na maƙalewa ya jawo tsatsa. Sanfefa mai laushi kawai, ana jiƙa ta.

Gwajin da ya koya mini ya fi komai burge ni. Ka watsa ruwa da moɗa. In ya dunƙule ya yi ƙwaya-ƙwaya, da sauran maiƙo. In ya shimfiɗu ya sauka bai ɗaya, wurin ya wanku. Sau biyu ina cewa na gama, ruwan yana ƙaryata ni.

Na liƙe lambar injin da salatif, da ƙofofin shan ruwa, da ɗan ƙarfen nan da ake sawa don ruwa ya ci shi maimakon injin, wanda in an fente shi ya tashi aiki. Fentin share fage na alminiyom yana ajiye a ɗaki, kwana uku ke nan. Iskar hunturu ta hana ni, ko minti goma na bar injin a buɗe sai ya yi fari. Kawu ya ce in tashi bayan asuba, kafin iska ta farka.