Alhamis 25 ga Afrilu 2024, daren da Falcons suka yi wa Cousins kishiya

Tun safe a wurin aiki babu wata hira sai ta diraf, wato zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i da ƙungiyoyin NFL, gasar ƙwallon Amurka, ke yi bi da bi duk shekara. Abokin aikina ɗan Kumasi, wanda shi kaɗai nake samu mu yi Hausa a duk siton nan, ya dage wai Dallas Turner na jami'ar Alabama ƙungiyarmu Atlanta Falcons za su ɗauka da lamba 8, wato zaɓi na takwas, ni ma ban musa masa ba don matsalar Atlanta a fili take, ba mu da wanda zai riƙa kutsawa yana kayar da kwatabak ɗin abokan karawa, wato mai jefa ƙwallo da ke jagorantar hari, shekara da shekaru kenan ana kuka a kan abu ɗaya. Maganar kwatabak kuwa ai kowa ya ɗauka an rufe ta tun watan Maris da suka kawo Kirk Cousins daga Minnesota, kwantiragin shekara huɗu dala miliyan 180, a ciki miliyan 100 garanti ne, ko ya buga ko bai buga ba sai an biya shi. Mutum mai shekara 35 fa, wanda jijiyar agararsa ta tsinke a watan Oktoban bara a wasansu da Green Bay. Lokacin na ɗan yi ƙorafi amma daga baya na haƙura, na ce ko ba komai dai ya fi abin da muka sha.

Kuma mun sha ɗin. Tun da aka tura tsohon kwatabak ɗinmu Matt Ryan Indianapolis a 2022 ba mu sake ganin daidai ba, Mariota ya zo ya tafi, aka ce Desmond Ridder ne magaji, shi ma ga yadda aka ƙare, aka gwada Heinicke, duk kanwar ja ce. Kaka uku a jere ana cin wasa 7 ana faɗuwa 10 har aka sallami koci Arthur Smith a Janairu aka kawo Raheem Morris. Rabon ƙungiyar nan da wasannin fidda gwani tun kakar 2017. Zancen 28 da 3 kuwa, wasan ƙarshe na Super Bowl da muke gaba da wannan ci amma New England suka farke suka doke mu, ba a yin sa a gidana, yarona ma ya sani.

Na dawo gida wajen bakwai, maman yara ta yi tuwon semo da miyar kuka. Yaron ya riga ya saka rigarsa mai lamba 7 ta Bijan Robinson ya kafa kansa gaban talabijin tun kafin a fara, ƙarfe takwas aka buɗe a Detroit, jama'a maƙil kan titi kamar ba gobe, shugaban NFL Roger Goodell na fitowa suka hau yi masa ihu yadda suka saba duk shekara. Na yi magariba na dawo na tarar Chicago sun ɗauki Caleb Williams, wannan kam ba labari ba ne. Washington suka ɗauki Jayden Daniels, New England Drake Maye, sai Marvin Harrison Jr, Joe Alt, Malik Nabers, JC Latham. Har lamba 7 ba a taɓa ɗan tsaron baya ko ɗaya ba, wato duk wanda muke so yana nan zaune yana jiranmu, yaron har ya fara tsalle kan kujera.

Sai Goodell ya karanta Michael Penix Jr, kwatabak, jami'ar Washington.

Loma na hannuna na kasa kai ta baki. Yaron ya juyo ya ce Abba ba mun riga mun sayi kwatabak ba? Na ce mun saya mana. Ya ce to biyu za su riƙa bugawa tare? Na ce a'a ɗaya ne ke shiga. Ya yi shiru yana kallona kamar ni na yi zaɓen. Maman yara da ba ruwanta da wasan ta leƙo daga kicin ta ji bayani, ta ce au, kenan ko wata biyu amarya ba ta yi a ɗaki ba an yi mata kishiya, ta koma abinta. Wallahi duk masu sharhin da na saurara daren nan ba wanda ya faɗe shi daidai kamar ta. Kuma wai shi Cousins ɗin ma sai da agogon minti goma na Falcons ya fara tafiya sannan aka kira shi aka gaya masa, haka ake ta rawaitowa.

Ba wai Penix ɗin bai iya ba ne. Na kalle shi sosai a kakar da ta wuce, bahago ne, yana wurga ƙwallo nesa ta sauka a hannun mutum cif, shi ya zo na biyu a Heisman, kyautar gwarzon ɗan wasan jami'o'i, bayan Daniels, ya kai Washington wasan ƙarshe na jami'o'i a Janairu kafin Michigan su doke su 34 da 13. Amma wata mai zuwa zai cika 24, kuma lokacin yana jami'ar Indiana sau biyu jijiyar gwiwarsa tana tsinkewa ban da ciwon kafaɗa. Ba yaro ɗanye ba ne da za a ce a ajiye shi ya nuna.

Abin da ya fi tsaya min shi ne lissafin kuɗin. Iyakar albashin da aka yanka wa kowace ƙungiya bana dala miliyan 255.4 ne, kuma duk amfanin ɗaukar kwatabak a diraf shi ne arha, kwantiragin sabon shiga shekara huɗu ne da zaɓin ƙara ta biyar, abin da Penix zai samu a duka huɗun nan bai wuce kusan rabin abin da Cousins ke ci a shekara ɗaya ba idan ka raba 180 ɗin gida huɗu. Ƙungiyoyi masu wayo a shekarun arhar nan suke zuba rarar kuɗin a kan masu tsaro da masu kama ƙwallo su nemi kofi. Mu kuwa za mu zaunar da mai arhar a benci shekara biyu muna biyan mai tsadar, lokacin da zai fara bugawa rabin arhar ta tafi, kuma lamba 8 ɗin da za ta taimaki Cousins ya ci wasa yanzu yanzu tana zaune riƙe da allo a gefen fili. Da Cousins kaɗai suka yi da na gane. Da Penix kaɗai suka yi suka bar miliyan 100 ɗin a aljihun mai ƙungiyar Arthur Blank, shi ma da na gane.

Ɗan Kumasin ya kira ni bayan isha'i, yanzu kuma ya juya yana kare su, wai ai haka Green Bay suka yi, Aaron Rodgers ya zauna bayan Brett Favre daga 2005, Jordan Love ya zauna bayan Rodgers daga 2020, ga shi sun yi dariya a ƙarshe. Na ce masa malam, su can mutanensu ne da suka daɗe a gida, kuma a ƙarshen zagayen farko suka ɗauki yaran, ba sayo baƙo suka yi da tsada jiya jiya sannan suka ƙona lamba 8 a kansa ba. Ni dai a ganina tsoro ne ya yi wa janar manajan Falcons Terry Fontenot zaɓen nan, azabar bayan Ryan ta shige shi har ya gwammace ya biya sau biyu da ya sake wayar gari ba kwatabak. Ya ce to laifi ne? Na ce ba laifi ba ne amma tsada gare shi.

Kwatabak shida aka ɗauka a lamba 12 na farko, Minnesota da Cousins ya baro suka matsa sama suka ɗauki J.J. McCarthy a 10, Denver suka ɗauki Bo Nix a 12. Sai a lamba 15 aka fara taɓa ɗan tsaro, Laiatu Latu zuwa Indianapolis. Turner ɗin namu kuwa Minnesota ɗin dai suka sake hayowa suka ɗauke shi a 17, a nan na kashe talabijin na kora yaron ya kwanta don akwai makaranta.

Gobe zagaye na biyu da na uku, lamba 43 ke gare mu, ina da aikin yamma don haka a waya zan bi, in ba su ɗauko mai kutsawa ba ɗan Kumasi zai ji a jikinsa don shi ne kusa da ni.