Na bi badala da kyamara daga Ƙofar Na'isa zuwa Kabuga

Ran Asabar ɗin da ta wuce ana idar da sallar asuba na rataya kyamarata na tari ɗan adaidaita ya sauke ni a Ƙofar Na'isa. Dama na daɗe ina cin burin in bi badalar Kano da ƙafa in ɗauke ta a hoto, ba wai in riƙa hangen ta ta tagar mota ba kaman yadda muka saba in mun bi titin BUK.

Wanda duk ya taɓa ɗaukar ginin ƙasa ya san rana in ta take tsaka an gama, jar ƙasar nan sai ta fito fari fat a hoto ba armashi. Shi ya sa nake sammako. Da sassafe hasken ta gefe yake zuwa, sai ka ga duk wata tsaga da duk hanyar da ruwan damina ya bi ya zaizaye sun fito raɗau, ga hazo ya ɗan sauko ya lulluɓe gidajen baya, wallahi sai da na tsaya na yi shiru kafin in danna.

Ita Ƙofar Na'isar ma ai ba ta asali ba ce, a 2010 aka rushe tsohuwar don faɗaɗa titi aka gina wannan. Ban daɗe a nan ba na yi gaba.

Tsakanin nan da Gadon Ƙaya zuwa Dukawuya ne na kashe kusan awa biyu. Ganuwar nan fa tun zamanin Sarki Gijimasu aka sa harsashinta, wanda ya yi mulki 1095 zuwa 1134, daga baya irin su Muhammadu Rumfa suka faɗaɗa ta, kuma ta wannan ɓangaren na yamma ne Turawa suka fasa suka shigo Kano a 1903. Ka tsaya a gindinta ka tuna hannun mutane ne ya kwaɓa ƙasar nan, kwando kwando aka ɗauko ta a ka ba tifa ba katafila, sannan ka waiga ka ga bola an jibge a jikinta, ledoji sun maƙale, wani wajen an yanke ta an kafa shago, wani wajen kuma ta zama ɗan tudu kawai awaki na hawa suna sauka. Kududdufan da aka haƙi ƙasar a cikinsu su ma ana ta cike su ana yanka filoti. Abin ya taɓa min zuciya sosai.

Da farko na so in riƙa kauce wa bolar don hoton ya yi kyau, sai na ga ai ƙarya zan yi wa wanda zai kalla nan gaba. Na ɗauka da ledojin da komai.

Wani dattijo na zaune a kan buzu yana jan carbi, na durƙusa na gaishe shi na ce Baba in ba damuwa zan ɗauke ka tare da badalar. Ya ce ɗauki mana yaro, amma ka tabbata ita ta fi ni fitowa. Ya nuna min da sandarsa inda suke hawa suna yara su hango Goron Dutse, yanzu wajen ko ƙirjina bai kai ba. Don Allah masu ɗaukar hoto mu riƙa neman izini, musamman mata da almajirai, kar ka ɗaga waya kawai ka danna wa mutum.

Tun 2007 ganuwar ke cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da al'adu, don a duba ko za a sa su cikin wuraren tarihi na duniya, amma ruwan sama ba ya jiran takarda, kowace damina sai ta ci nata. Shi ya sa duk hoton da na ɗauka nake rubuta ranar da daidai wajen, in na dawo baɗi in tsaya a gurbin in sake ɗauka a gwada.

Wajen ƙarfe goma na isa Kabuga, rana ta yi zafi batir ya kusa mutuwa, na sha kunun aya na nemi abin hawa. Sati mai zuwa in Allah ya kai mu ta Kansakali zan faro in nufi Waika.