Kwana huɗu a ƙasar Kaltungo lokacin roron wake

Shekaranjiya na dawo daga Kaltungo, har yanzu ƙurar hanya ba ta gama fita daga wuyan rigata ba. Gayyatar godiyar kaka ce a wata ikkilisiyar ECWA da ke wani ƙauye bayan gari. Na tafi da shirin kwana biyu, na yi huɗu.

Daga Bauchi zuwa Gombe ba abin faɗa, Dindima, Alkaleri, sai gyangyaɗi. Kuɗin mota dai tun da aka cire tallafin mai a 2023 bai sake sauka ba, kuma har yau mutum huɗu ake cusawa a baya. A Gombe na sake mota muka kama hanyar Yola. Kafin Kumo wani mai kaki a shinge ya sa aka sauke jakata, ya zazzage ta a bakin titi. Da ya ga Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi sai ya ce, "Fasto, ba za a sa wa yara albarka ba?" Na ce masa ni ba fasto ba ne, amma albarka kyauta ce. Bai yi dariya ba. Minti ashirin muka yi a rana kafin direba ya yi abin da direbobi suka saba yi.

Daga Billiri ƙasa ta sake, duwatsu suka taso dama da hagu, kusan kowane ƙauye da majami'arsa mai rufin kwano. 'Yan mishan na SIM sun iso ƙasar Tangale a 1917, ECWA kuma, ikkilisiyar da ta fito daga aikinsu, ta tsaya da ƙafarta a 1954, don haka a nan za ka tarar da gidan da kakan kaka ma Kirista ne.

Mai masaukina dattijon ikkilisiya ne, tsohon ma'aikacin jinya da ya yi ritaya. A Bauchi ruwa ake fara miƙa wa baƙo. A nan ma matarsa, Mama, ta kawo ruwan, amma kafin in ajiye kofi shi Baba ya ɗora mini tocila da takalmin roba mai tsawo a cinya. Ya ce, "Ɗana, a garin nan ba a fita fitsarin dare da silifa." Na ɗauka tsoratar da baƙo ne.

Ranar Asabar da la'asar aka shigo gidan a guje da wani yaron maƙwabta. Yana ɗaure harawa a gona kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe da nisa, ta sare shi a ƙafa. Gajera ce, da wuya ta wuce tsawon kamu ɗaya, launinta irin na ƙasa da busasshen ganye, kuma ƙarƙashin tarin harawa ko damin dawa ne wurin hutawarta. Shi ya sa sara ke yawa da shuka da kuma kaka. An riga an ɗaure wa yaron cinya tamau da robar tayar keke, wani ya zo da reza, wata tsohuwa da baƙin dutse, wasu mata kuma sun fara waƙa suna cewa a kai shi majami'a a kwana ana addu'a.

Baba bai yi musu da kowa ba. Ya ɗora hannu a kan yaron, ya yi addu'ar da ba ta kai minti ɗaya ba, ya ce amin, ya ce a kawo babur. Ya karɓe rezar. Ya sa aka yi wa ƙafar karan ɗori kamar ta mai karaya don kada ta riƙa motsi, aka ɗauki yaron cak, ba a bar shi ya taka ba, wani ya zauna a bayansa ya riƙe shi. Mu ma muka bi su a wani babur zuwa asibitin masu saran maciji na Kaltungo, wanda ake zuwa har daga Adamawa da Taraba da Bauchinmu.

A hanya da kuma zaman jira ya yi mini karatun. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi. Mutum zai iya yini yana hira, sai jini ya fara fita ta dasashi, ta fitsari, ta tsohon miki, wani lokaci cikin kai. To wanda jininsa ba ya tsayawa, ka tsaga shi da reza, ka buɗe masa famfo ke nan. Ɗaurin roba ba ya tsare dafi, jini yake hana wa ƙafa, kuma idan ya daɗe naman ya mutu har a kai ga yankewa. Tsotsa da baki da baƙin dutse ɓata lokaci ne. Zobe da awarwaro da agogo a cire su tun kafin kumburi. Kada a ba da asfirin ko ibuprofen, suna ƙara zubar jini, farasitamol ya isa. Kada a tsaya farautar macijin, an sha samun sara na biyu a nan. Idan kuma gamsheƙa ce ta tofa a ido, ruwa mai yawa ake ta zubawa nan take, ba nono ko ganye ba.

Gwajin da ake yi ya ba ni mamaki don sauƙinsa. Ana ɗibar jini kamar mililita 2 a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye minti 20 ba a taɓa ba, sannan a karkata ta. In jinin ya daskare, da sauƙi. In ya gangaro kamar ruwa, dafi ya shiga, sai allurar kashe dafi ta jijiya, a sake gwaji bayan awa 6. Dole gilashi, roba tana ba da amsar ƙarya. Na yaron ya gangaro. Da muka koma washegari da yamma, ya daskare.

Daren Asabar ɗin ne muka zauna a tsakar gida kan gyaɗa dafaffiya, na tambayi Baba yadda yake amsa masu cewa addu'a kaɗai ta isa, suna kawo masa labarin Manzo Bulus. Ya ce kullum shi suke kawowa, Ayyukan Manzanni sura 28, a tsibirin Malita, inda maciji ya fito daga itacen wuta ya maƙale a hannun Bulus, ya karkaɗe shi bai ji komai ba. Ya ce, "Su karanta da kyau. Bulus itace yake tarawa don mutane 276 da suka tsira daga jirgi su ji ɗumi, bai je neman maciji ba. Kuma wa ke tare da shi har ya rubuta labarin? Luka, likita." Ya ƙara da Ishaya, wanda ya kawo wa Sarki Hezekiya yana kwance ba lafiya alkawarin ƙarin shekara 15, amma duk da haka ya ce a shafa masa curin ɓaure a maruru.

Ni abin da ya tsaya mini shi ne macijin tagulla da Musa ya ɗora a kan sanda a jeji, don duk wanda maciji ya sara ya dube shi ya rayu. Baba da tsohon juyin Littafi Mai Tsarki na 1932 ya saba, Littafin Lissafi yake cewa, mu kuma Ƙidaya, sura 21. Na sha koyar da labarin ga yara ina hanzarin kaiwa Yohanna 3:14, inda Yesu ya kwatanta kansa da macijin. Sai a Kaltungo na lura ba a kwashe macizan daga zango ba, roƙon da jama'a suka yi ke nan, amma abin da aka ba su wurin dubawa ne, kuma wanda aka sara sai ya yarda ya juya ya duba tun da sauran numfashi. Daga baya da suka mai da macijin tagullar abin ƙona wa turare, Hezekiya ya farfasa shi, yana nan a 2 Sarakuna 18:4. Na tuna baƙin dutsen tsohuwar nan, amma ban faɗa ba, don surukar Mama ce.

Ranar Lahadi Zumuntar Mata suka shigo da kwanukan wake da dawa da gyaɗa a ka, ana buga tulu da kacau-kacau. Bayan sujada aka yi gwanjon kayan. Wannan gwanjo ba ciniki ba ne, fahariya ce mai tsarki: zakara ɗaya ya tashi a kuɗin ɗan akuya saboda surukai biyu sun ƙi sakar wa juna. A kasuwa kuwa na auni wake da sauƙin da ban taɓa samu a kasuwar Muda Lawal ta Bauchi ba, kuma mudunsu a cike yake har da tozo, ba mai shafe kai da tafin hannu. Abin da ban so ba shi ne 'yan acaɓa, da sun ji Hausarka ta Bauchi sai kuɗi ya ninka.

Litinin muka hau Tula, garin da ke kan dutse. Hanya mai gangare da kwana, tsohon kurkukun Turawa, gonaki a kan dutse an tare ƙasa da jerin duwatsu. Sanyi ya kore mu da wuri.

Talata na kamo hanya da rabin buhun wake da kazar da Mama ta ƙi sauraron ƙin karɓata. Mai kakin nan yana shingensa, wannan karon kazar ya tsura wa ido. Takalmin robar na mayar wa Baba, na sayi nawa a Gombe.