Ranar da na hau Ghisallo keken Babanmu ne a raina

Jiya da yamma na kai kekena wajen Baba mai gyara ya canza min tayar baya, ina zaune kan benci ina jira sai ɗaya daga cikin yaran shagon ya leƙo wayata ya ga hoton da ke fuskarta, ruwa shuɗi da duwatsu ga ni a tsaye riƙe da keke, ya ce Yaya nan Jos ne? Na ce a'a Italiya ne. Baba ko ɗago kai bai yi ba yana ta ɗaure sifoka ya ce to kai ɗana, ka je har ƙasar Turawa ka rasa abin hawa sai keke? Ban ji haushi ba don na san ba da wata manufa ya faɗa ba, amma maganar ta tsaya min a rai har na kwanta, mutumin da keke ke ciyar da shi da iyalinsa shekara da shekaru shi ma kallon abin talauci yake masa.

A watan Satumbar 2023 ne wajen aikinmu suka tura mu kwas na sati biyu kan wasu injina a kusa da Milan. Ranar Asabar ba aji, abokan tafiyata suka shiga gari sayen tsaraba, ni kuma tun daga Kaduna na riga na ƙudurce inda zan je, na kama jirgin ƙasa zuwa Komo, tafiyar wajen awa ɗaya ce, na ɗauki hayar keken tsere a wani shago da hular kwano da komai.

Tafkin Komo in ka kalle shi a taswira kamar gwafa yake da aka kifa, ƙafa biyu a ƙasa sanda a sama. Garin Komo na ƙarshen ƙafa ɗaya, Lecco na ƙarshen ɗayar, Bellagio kuma daidai inda gwafar ta rabu. Zurfinsa ya haura mita 400 a wani wajen. A gindin duwatsun Alps yake, iyakar Siwizalan na nan kusa, kuma tsakanin ƙafafun nan biyu tsaunuka ne zalla, a nan duk hawan da masu keke ke magana a kai yake.

Daga Komo zuwa Bellagio wajen kilomita 30 ne a bakin ruwa, dutse a damanka ruwa a hagunka, titin siriri ne ƙwarai wani wajen mota biyu sai sun lallaɓa suke gifta juna, kwana kan kwana, hawa kaɗan gangara kaɗan ba inda za ka ce ga shimfiɗa ka huta. Na tsaya a wani ƙauye Nesso inda ruwa ke zubowa ta tsagin dutse ya faɗa tafkin ga wata tsohuwar gadar dutse a ƙasa, nan take Matsirga ta Kafanchan ta faɗo min, ƙarar ruwan iri ɗaya wallahi.

Daga Bellagio aikin yake farawa. Hawan Ghisallo, Gizallo suke furtawa, kilomita 10 ne da ɗoriya, daga bakin tafkin da ke wajen mita 200 sama da teku zuwa mita 754. In ka duba lissafin a takarda za ka ce ai da sauƙi, matsakaicin hawan kashi 5 ne da 'yan kai cikin 100, to yaudarar ke nan, don a tsakiya wajen Civenna akwai shimfiɗa har da 'yar gangara ita ke rage lissafin. Farkon ne bala'i, yana kaiwa kashi 14, ma'ana duk mita 100 da ka yi gaba ka hau mita 14 sama. Tun ban yi nisa ba na ƙure giyar ƙarshe, ina ta danna abin canji babu sauran, numfashi na fita kamar na zuga-zugi, cinya na wuta, na tashi tsaye kan feda na koma sirdi na sake tashi. Mu a Kaduna hawanmu ai bai wuce gadar Kawo da 'yan tuddan Malali ba, minti biyu ka gama, wannan kuwa ka sha kwana ka ɗaga kai ka ga wata kwanar na jiranka a sama.

A nan wani dattijo ya iso ni, farin gashi fat a ƙarƙashin hula, in ban yi ƙarya ba ya girmi Baba mai gyara. Bai wuce ba sai da ya rage gudu ya jera da ni, ya kalle ni ya ce “dai, dai!” Ni kuma kunnen Bahaushe, daidai na ji, na ce a raina to alhamdulillahi ashe daidai nake. Sai daga baya na ji cewa a yarensu kamar ka ce haba daure, ci gaba ne. Ya ja ni a bayansa har muka fita daga wajen mai tsananin sannan ya ɗaga hannu ya yi gaba abinsa. Kuma ba shi kaɗai ba ne, ranar na ga tsofaffi maza da mata sun fi a ƙirga a kan hanyar nan, wasu kekensu ya fi kuɗin motar da ke bin su a baya, kuma motar haka za ta bi su a hankali har sai ta sami wajen wucewa.

A saman akwai wata 'yar coci ƙarama, ɗaki ɗaya ce, Madonna del Ghisallo. A 1949 Fafaroma Pius na 12 ya ayyana ta a matsayin ta masu keke, tun daga nan zakarun tsere ke kawo kekunansu da rigunansu suna ajiyewa, har saman bango kekuna ne a jere. Gefe kuma akwai gidan tarihin keke da aka buɗe a 2006. Tseren Lombardiya da ake yi duk Oktoba, wanda aka fara tun 1905, ya sha bi ta nan, in 'yan tsere sun iso har ƙararrawa ake kaɗa musu. Na shiga a matsayin baƙo mai kallo, na cire hula kamar yadda na ga ana yi.

Keke biyu ne suka tsayar da ni. Na farko na Fausto Coppi, wanda ya ci tseren Lombardiya sau 5, kuma abin da ya kashe wannan gwarzon ba dutse ba ne ba mota ba, zazzaɓin cizon sauro ne. Ya zo nan Afirka ta Yamma, ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, a Disambar 1959, ya koma gida da zazzaɓi ba a gane ko mene ne ba da wuri, ya rasu ranar 2 ga Janairun 1960 yana da shekara 40. Maleriyar nan da muke cewa ɗan zazzaɓi ne mu wuce kemis. Na biyu na Fabio Casartelli ne, ɗan yankin Komo ɗin, ya ci zinare a Olamfik ta 1992, ya faɗi a gangara a tseren Faransa na 1995 ya bugu a kai ya rasu, keken na nan a lanƙwashe yadda aka ɗauko shi. Lokacin ba a tilasta wa 'yan tsere hular kwano ba, sai a 2003. Tun daga ranar da na ga keken nan ko Unguwar Rimi zan leƙa ba na hawa kai ba hula, kuma yaran da muke fita da su na gaya musu wanda ba shi da ita ya zauna a gida, ni ba zan iya kai wa uwar wani labari ba.

Na fito na samu gefe kan ciyawa na yi alwala da ruwan gorata na yi azahar, ƙafar tafkin ta ɓangaren Lecco na can ƙasa, ba wanda ya ce min uffan. Ina zaune bayan sallama sai Babanmu ya faɗo min, Allah Ya jiƙansa. A ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri ya yi aiki, kullum da baƙar Raleigh ɗinsa daga Tudun Wada ya tsallaka kogi ya dawo, damina da rani. Ya kan ba mu labarin lokacin tashi daga aiki yadda titi ke cika da kekuna kamar an buɗe wa fari ƙofa. Ranar Juma'a da safe ni ke goge masa ita da tsumma da ɗan man inji, har yau ina jin ƙamshin. Shi ma Komo garin masaƙa ne, da siliki aka san shi a duniya, kakannin waɗancan tsofaffin su ma da keke suka je aiki. Su da suka samu mota ba su yar da keken ba, sai suka gina masa ɗaki a kan dutse, mu kuwa da babur ya shigo sai keke ya zama abin da ake tausaya wa mai shi. Na yi hawaye a wajen nan, ban ɓoye ba.

Na so in gwada Muro di Sormano da ke kusa, bai kai kilomita 2 ba amma wani wajen ya haura kashi 25, an hana mota bi, har an rubuta tsayin kowace mita a kan kwalta. Lokaci bai bari ba, na gangara ta Asso da Erba na koma Komo kafin a rufe shagon.

To mu me muka rasa? Ba dutse ba dai. Jos tana sama da mita 1,200, ta fi saman Ghisallo nesa ba kusa ba, ga duwatsun Kagoro, ga Kajuru, ga Kufena a Zariya, ruwa kuma ga dam ɗin Kangimi ta hanyar Maraban Jos. Ƙafa ma akwai, duk wanda ya ga masu kawo rake da itace daga ƙauye a kan Phoenix mai giya ɗaya ya san akwai. Biniam Girmay ɗan Iritiriya ya ci zango 3 da koriyar rigar wanda ya fi tara maki a tseren Faransa na 2024, Ruwanda ta karɓi gasar duniya a Kigali a 2025, ba wasu aljanu ba ne, 'yan uwanmu ne. Abin da ke kashe mana gwiwa titi ne da tsoro. Bara wani mai tifa ya matse ni a baifas har na faɗa kwalbati, gwiwar hannuna ta yi wata guda ba ta miƙewa, ko tsayawa bai yi ba, kuma waɗanda suka ɗaga ni abin da suka fara cewa shi ne Malam me ya kai ka babban titi da keke. Ban ce can aljanna ba ce, a 2017 mota ta kashe Michele Scarponi yana atisaye kusa da gidansa, kuma zakara ne babba, amma can in abu ya faru direba ake tambaya. Ga kuma hanyoyin wajen gari da yawa da mutum sai ya yi tambaya ya sake tambaya kafin ya bi, wasu ma ba a maganarsu.

Duk da haka muna fita. Mu bakwai ne yanzu, yawanci kekunan gwanjo, ranar Asabar ana idar da asuba mu haɗu a Kawo kafin tireloli da 'yan Napep su farka, mu miƙa Rigachikun zuwa Maraban Jos mu sha shayi mu juyo kafin rana ta yi zafi. Burina in sanyi ya shigo mu ƙarasa har Kangimi, da mota ɗaya a bayanmu ɗauke da ruwa da famfo da kayan faci, mu zauna a bakin ruwan ko na rabin awa ne.

Raleigh ɗin Babanmu kuma na nan a sito a gidan Hajiya, tayoyin sun mutu sarƙa ta yi tsatsa amma ƙarfen garau yake. Da Baba ya gama min tayar jiya na tambaye shi ko zai iya tada ita, ya ajiye sifana ya ce baƙa ce mai birkin sanda? Na ce ita ce. Ya ce kawo ta ranar Litinin ɗana, kar ka bari yaran nan su taɓa ta, ni zan yi da hannuna.