Auna ƙugu kafin sikeli: abin da duba matasa ya koya mini

Idan aka kawo mini matashi mai jiki, nakan ɗauko tef in auna ƙugunsa tun kafin ya hau sikeli. Kitsen da ya taru a cikin ciki, kewaye da hanta da hanji, shi ke hana jiki karɓar aikin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, yadda ya kamata. Daga nan suga ya fara tashi, kitsen jini ya rikice, jini ya hau. Idan waɗannan suka haɗu a jiki ɗaya, hanyar ciwon zuciya da ciwon suga ta buɗe tun yaro bai gama sakandare ba. Binciken Bogalusa da aka yi a jihar Luwiziyana ta Amurka ya gano kitse ya riga ya fara kwanciya a jijiyoyin jinin yara da matasa.

Ƙa'idar da nake bi wajen gane haɗuwar waɗannan matsaloli, wadda ake kira metabolic syndrome da Turanci, ita ce ta Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta 2007. Ga ɗan shekara 10 zuwa 15, sai ƙugunsa ya kai na kashi 10 cikin 100 mafi girma a cikin sa'o'insa, sannan a samu biyu daga cikin huɗu: tiraigilisarayid (wani nau'in kitsen jini) 150 mg/dL ko sama, HDL (kitsen jini mai amfani) ƙasa da 40, hawan jini 130/85 ko sama, ko suga 100 mg/dL ko sama bayan kwana ba a ci komai ba. Daga shekara 16 ana amfani da ma'aunin manya. Inda babu jadawalin awon ƙugu bisa shekaru, nakan raba ƙugu da tsawo. Idan ya kai rabin tsawon, akwai abin bincike.

Yawancin kuskure a wurin awo yake. Tef ya zauna tsakiyar haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, a kan fata ko riga mara kauri, bayan yaron ya fitar da numfashi. Matasa kan tsuke ciki don kunya, shi ya sa nake jan su da hira har su saki jiki. Hawan jini kuwa ya fi yaudara. Idan aka ɗaura ƙaramin maɗaurin na'urar awon jini a hannu mai kauri, lambar takan hau fiye da gaskiya, a ɗora wa yaro cutar da ba shi da ita. Jakar iskar maɗaurin ta zagaye aƙalla kashi 80 cikin 100 na damtse. Yaron ya zauna minti 5, ƙafa a ƙasa, baya a jingine, hannu daidai da zuciya, ba magana. Ba na cewa yana da hawan jini sai an maimaita a zuwa uku daban. Gwajin jini kuma, shayi mai suga da safe kaɗai ya isa ya ɓata sakamako, don haka nake faɗa wa iyaye ƙarara: awa 8 zuwa 12, ruwa zalla.

Kullum ina duba bayan wuya da hammata. Baƙin tabo mai laushi a wurin, wanda uwa ta sha gogewa da soso tana zaton datti ne, sau da yawa alama ce ta insulin da ya yi yawa a jini. Ga 'yan mata ina tambayar yadda al'ada ke zuwa. Sai dai lokacin balaga kansa yakan rage yadda jiki ke karɓar aikin insulin na ɗan wani lokaci, don haka sakamako ɗaya ba ya yanke hukunci.

Magani da ƙwayoyi ba shi ne farko ba ga mafi yawansu. Abin sha mai zaƙi nake fara cirewa, domin shi ne ya fi sauƙin bari kuma ya fi saurin nuna sauyi. Sai motsa jiki na minti 60 kullum, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, da barcin awa 8 zuwa 10. Idan aka ware wa yaro abincinsa daban alhali sauran gida na shan zaƙi a gabansa, shirin ba ya daɗewa. Ina zaunar da iyaye tare da shi, ina tambayar ko akwai wanda ya yi ciwon zuciya da wuri a dangi, sannan mu sa ranar sake awo bayan wata 3 zuwa 6.