Talata, a ƙofar gidan Kawu

Yau zafin Sakkwato ya kai inda ko inuwar dogonyaro ba ta da sanyi. Da na tashi daga makaranta na hau kabu-kabu zuwa Runjin Sambo in kai wa Kawu maganin hawan jini, da niyyar in gaishe shi in juya. Sai bayan isha'i na baro gidan.

Na tarar da ƙanena, wanda ke aji uku a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da wani abokinsa sun baje a tabarma gaban Kawu. Su ukun kowa na kiran kansa ɗan gurguzu, kuma kowa na ganin sauran biyun sun ɓata hanya.

Albasa ce ta tada zancen. Wani maƙwabci ya tsaya yana kukan yadda ya sayar da tasa da kaka a wulaƙance don ya biya bashin taki da fetur ɗin injin ban-ruwa, mai kuɗi ya saye ya ɓoye, yanzu ta yi tsada. A nan babu wanda ya musa wa wani. Duk sun yarda cewa a tsarin jari-hujja mai gumi daban, mai ci daban, kuma ba mugun halin mutum ɗaya ba ne, haka aka gina abin. Kawu ya ce jam'iyyar talakawa ta NEPU ta faɗi wannan tun 1950 a Kano, kafin a haifi ubanmu.

Da aka zo kan gwamnati sai tabarma ta yi zafi. Ƙanena, da ya sha karatun Lenin, jagoran juyin juya halin Rasha, ya ƙoshi, ya ce gwamnati bulalar masu dukiya ce, ba a lallashinta. Sai ma'aikata sun ƙwace ta kamar a Rasha a 1917, su riƙe masana'antu da bankuna, in bambancin mai shi da maras shi ya gushe ita ma ta shuɗe da kanta.

Kawu ya aje butarsa. “Ɗan nan, ku karatu kunka yi, mu gani munka yi. Da ƙuri'a gwamna Rimi a Kano da gwamna Balarabe Musa a Kaduna sunka soke haraji da jangali a 1979. Wa anka kashe?”

“Kawu, ku yi haƙuri,” in ji ƙanena, “ai majalisar dokokin Kaduna, inda jam'iyyar NPN ke da rinjaye, ba ta ko bar Balarabe ya naɗa kwamishinoni ba, a Yunin 1981 ta tsige shi.”

Na zaci nan za a tsaya, ashe abokin nan da ya yi shiru yana ɓare gyaɗa shi ne mai wuƙar. Ya ce duk su biyun kujera ɗaya suke nema, ɗaya ta ƙofa ɗaya ta katanga. Ya kawo Bakunin, ɗan gurguzun Rasha mai adawa da kowace irin gwamnati, wanda mutanen Karl Marx suka kora daga ƙungiyar ma'aikata ta duniya a taron Hague a 1872, da gargaɗinsa cewa ma'aikacin da ya hau mulki ya daina zama ma'aikaci. Sai ya ambaci Bakolori, inda a 1980 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta don sun nemi diyyar gonakinsu da madatsar ruwa ta ci. Ƙanena ya ce wannan ai gwamnatin 'yan jari-hujja ce. Yaron ya ce to shugaba Nyerere fa, ɗan gurguzu na gaske, da ya kwashe manoman Tanzaniya ala tilas zuwa ƙauyukan noman haɗin gwiwa da ake kira Ujamaa? Shi abin da yake so manoma su haɗa kai su yi rumbun ajiya nasu, ba shugaba ba ofis.

Ni dai na fi karkata ga Kawu, ko da yake na san albashin gwamnati nake ci, kuma mai ci da cokalin wani ba ya cewa a karya shi. Na tambayi yaron wa zai biya likita da malami a tsarinsa. Ya yi dogon bayani, ban ji amsa ba. Amma maganar Bakolori ta tsaya mini a wuya.

Aka kawo fura. Kawu ya juya ludayi yana ba mu labarin rabuwar jam'iyyar PRP, magajiyar NEPU, gida biyu a 1980, Taɓo na Malam Aminu Kano, Santsi na gwamnoni, su Rimi da Balarabe. Shi ɗan Taɓo ne. Akwai amininsa ɗan Santsi da suka yi shekara shida ba su gaisa ba, sai a wata jana'iza. Ƙanena ya tambaye shi wa ke da gaskiya a cikinsu. Ya ce a miƙo masa maganinsa.

Da zan dawo, ɗan kabu-kabu ya ƙi rage mini ko naira hamsin, wai tun da aka cire tallafin mai a 2023 shi ma mai gidan mai yake yi wa aiki. Na biya. Na iso an ɗauke wuta, ga takardun jarrabawar ɗalibai arba'in da ban duba ba.