Abin da na gani a rafin Alexander na Alaska

Aiki ya kai ni rafin Alexander da ke dazukan kudancin jihar Alaska ta Amurka, inda a da masunta ke tururuwa saboda yawan kifin salmon, wanda ake ƙyanƙyashe shi a rafi ya girma a teku. A shekarun 1950 wasu suka shigo da kifin fayik (pike), wani kifi mai cin sauran kifaye, yankin ba bisa ƙa'ida ba, shi kuwa yakan laɓe cikin ciyayin ruwa mai kwanciya ya riƙa haɗiye 'ya'yan salmon tun ba su yi ƙwarin gangarawa teku ba. Ɓarnar ta kai ga hana kamun babban nau'in salmon da ake kira "king" a rafin a 2008. Daga 2011 ma'aikatan jihar ke kafa raga da zarar ƙanƙara ta narke domin rage fayik ɗin, aikin da a ganina ba shi da ranar ƙarewa.